Ilmin Samaru Yana Nan, Hanyar Kai Shi Ƙauye Ce Ta Toshe

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ke damuna duk lokacin da damina ta gabato, wato yadda shawarar noma ta daina isa ga magidanta a karkara, alhali kuwa mafi yawan ilmin da suke buƙata an riga an samo shi tun da daɗewa, a nan gida, a kan irin ƙasar da suke nomawa. Na yi aikin malamin gona har na ajiye aiki, kuma har yanzu ina noma 'yar gonata, saboda haka ina ganin wannan rashi ta fuskar mai ba da shawara da kuma ta fuskar mai jiran ta.

Ya kamata a fara da gaskiyar tarihi, cewa binciken noma bai zo Arewa domin cikin manomi ba. Turawan mulkin mallaka auduga suke nema wa masaƙun Ingila, shi ya sa suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya a 1902, suka gina injinan gurzar auduga, suka shigo da irin audugar Amurka da ake kira Allen, suna sa ran cewa da zarar layin dogo ya isa Kano auduga za ta cika taragai. Layin dogo ya iso Kano a 1911, sai dai abin da ya cika taragai gyaɗa ce. Manomin Kano ya yi lissafinsa, ya ga gyaɗa ta fi kuɗi, tana son ƙasar jigawa, ana iya haɗa ta da gero da dawa, idan kasuwa ta faɗi iyali su ci, harawarta kuma dabbobi su samu. Babu jami'in da ya koya masa wannan lissafi, kuma daga nan ne aka samu dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita a duniya. Na kawo wannan ne domin tun ranar farko manomi ya nuna cewa yana da dalili a kan abin da yake yi, kuma duk binciken da ya yi amfani daga baya shi ne wanda ya yarda da hakan.

An kafa tashar bincike ta Samaru kusa da Zariya a 1922, aka mayar da ɗakin binciken cututtukan dabbobi zuwa Vom, kusa da Jos, a 1924, aka kuma buɗe gonar dabbobi ta Shika a 1928. A wannan shekara ta 1928 ne aka fara koya wa manoma noma da shanu, inda baitulmalin En'e ke ba mutum rancen bijimai biyu da garma ya riƙa biya a hankali. Mutane da yawa a yau sun ɗauka manufar shirin ita ce sauƙaƙa huɗa kawai, alhali kuwa abin da masu shirin suka fi sa wa ido shi ne taki. Sun lura cewa ƙasar Arewa tana gajiya da wuri idan ana noma ta shekara da shekaru ba hutu, don haka suka so manomi ya ɗaure shanunsa a turke, ya shimfiɗa musu ciyawa da karmami, kashi da fitsari su haɗu su ruɓe, ya kwashe ya kai gona. Garmar shanu ta karɓu, har ta zama sana'a ga masu yi wa mutane huɗa, amma ɓangaren tara taki bai samu irin wannan kulawa ba, kuma har gobe za ka ga gida da bijimai biyu da tumaki, takinsu yana baje rana tana ƙona shi, ruwan farko kuma ya kwashe shi ya zuba a kwata.

Samaru ba ta bar maganar taki a matsayin zato ba. A 1950 aka ware wani fili aka yanka shi ƙanana ƙanana, wani yanki a sa masa kashin shanu kaɗai, wani takin zamani kaɗai, wani a haɗa masa duka biyu, wani kuma a bar shi haka nan, aka ci gaba da noma su shekara bayan shekara ana auna amfani ana gwada ƙasa. Wannan gwaji yana cikin mafi daɗewa irinsa a Afirka ta Yamma. Abin da ya nuna shi ne, yankin da aka dogara da takin zamani kaɗai ƙasarsa takan yi tsami, ƙarfinta ya riƙa raguwa, yayin da wanda ake haɗa wa takin dabbobi ya fi riƙe albarkarsa. Manoman kewayen birnin Kano, waɗanda tun kaka da kakanni suke ɗauko shara da toka da kashin dabbobi daga cikin gari a mangalar jaki, sun san rabin wannan magana kafin a auna ta. Abin da bincike ya ƙara musu shi ne cewa ƙasarmu tana da ƙarancin sinadarin da takin supa ke bayarwa, shi ya sa ɗan kaɗan daga cikinsa yake canza gonar gyaɗa. A yau da buhun kamfa da na yuriya suka fi ƙarfin talaka, babu shawarar da ta fi wannan daraja a gidan mai ƙaramin ƙarfi: ya tara takin gida a rami ko a inuwa, ya rufe shi, ya kai gona kafin huɗa, sannan ɗan takin zamanin da ya iya saye ya tona gefen shuka ya zuba ya rufe lokacin da ƙasa ke da laima. Yuriyar da aka watsa a saman busasshiyar ƙasa, wani kaso mai yawa nata iska ce ke tafiya da shi, kuma na sha ganin mutum ya sayar da akuya ya sayi taki ya yi masa irin wannan watsi don babu wanda ya taɓa gaya masa.

Wurin da nake so masu karatu su fi tsayawa shi ne batun haɗa shuka. Shekaru masu yawa shawarar hukuma ita ce manomi ya shuka abu ɗaya tak a gona, dawa ita kaɗai, gyaɗa ita kaɗai, auduga ita kaɗai, ana kallon haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya a matsayin alamar rashin ci gaba. Manoma suka saurara cikin ladabi, suka koma gida suka ci gaba da giccinsu. Bayan da tashar Samaru ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona, wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman da abokan aikinsa suka yi abin da ya kamata a yi tun farko. Suka shiga ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau a tsakiyar shekarun 1960, suka bi magidanta gona-gona suna rubuta abin da aka shuka, da yawan aikin da aka yi, da abin da aka girbe. Sakamakon ya nuna cewa gonar da aka haɗa shuka ta fi ba da amfani idan aka tara darajar duk abin da ya fito daga cikinta, ta fi biyan wahalar da aka sha a watannin Yuni da Yuli lokacin da noman firi da maimai ke cinye ƙarfin gida, kuma ta fi kare iyali daga asara gaba ɗaya. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa riƙe fartanya. Gero yana nuna da wuri ya fitar da gida daga yunwar tsakiyar damina, dawa ta samu fili ta ci gaba bayan an yanke shi, wake ya shimfiɗu a ƙasa ya danne ciyawa ya ƙara wa gona ƙarfi, kuma noma guda ɗaya ya wadatar da su duka. Idan ruwa ya ɗauke da wuri gero ya riga ya shiga rumbu, idan kuma ya yi jinkirin sauka dawa za ta rama.

Haka aka yi da auduga. Gwajin tasha ya tabbatar cewa audugar da aka shuka a tsakiyar Yuni aka yi mata feshi ta fi wadda aka shuka a Yuli nesa ba kusa ba, amma manoma suka ci gaba da jinkirta ta. Da aka bi sawu a yankin Daudawa a farkon shekarun 1970 sai aka gane cewa tsakiyar Yuni lokaci ne da kowane hannu a gida yake kan gonar abinci, kuma babu magidancin kirki da zai bar geron da 'ya'yansa za su ci ciyawa ta shaƙe shi domin auduga. Feshin da aka ba da shawara kuma yana cin ruwa mai yawa wanda sai an ɗebo a kai daga nesa. Da masana suka gane haka sai suka koma neman abin da zai dace da halin manomi, har aka kawo injin feshi mai batir wanda ba ya buƙatar ruwa sosai. A ganina wannan shi ne lokacin da binciken noma a Arewa ya fi amfani, domin masu ilmin sun sauko sun tambayi mai gona dalilinsa kafin su gaya masa abin da zai yi.

Wannan ba ya nufin manomi ya san komai, kuma ba na so a fahimce ni haka. Akwai abubuwan da ido ba ya gani sai an bincika, kuma gyaɗa ta ishe mu misali. Cutar kuturtar gyaɗa, wadda ke sa ganye ya ƙanƙance ya yi rawaya shuka ta tsaya cak, darɓa, wato ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ruwan shuka, ce ke yaɗa ta daga wannan tushe zuwa wancan. Tun farkon shekarun 1960 bincike a Samaru ya nuna cewa shuka da wuri da kuma matse tazara suna rage ta ƙwarai, saboda darɓa ta fi sauka a gonar da ƙasa ke bayyana tsakanin shuka da shuka. A 1975, ƙasa ba ta gama farfaɗowa daga farin 1973 ba, wannan cuta ta auka wa Arewa ta lalata gyaɗa a fili mai faɗin kusan hekta dubu 700, kuma tana cikin manyan dalilan da suka sa dalar gyaɗa ta zama tarihi. Daga baya cibiyar Samaru ta fitar da irin da ke jure cutar, kamar SAMNUT 24 da aka saki a 2011, mai nuna da wuri. To amma manoma nawa ne a ƙauyukanmu suka san cewa tazarar da suke bari don tsimin iri ita ce ke gayyato musu cutar?

Akwai kuma dafin da wani irin ruɓa ke haifarwa a cikin gyaɗa da masara, wanda duniya ta farga da shi a 1960 bayan da ya kashe talo-talo masu ɗimbin yawa a Ingila. Masu bincike a Arewa sun yi aiki a kansa cikin shekarun da suka biyo baya, suka nuna cewa gyaɗar da aka bari ta wuce lokaci a ƙasa, ko fartanya ta fasa kwasfarta, ko aka tara ta da laima ba ta bushe da sauri ba, ita ce ta fi kamuwa. A wancan lokaci damuwar hukuma ita ce kada Turai ta ƙi sayen gyaɗarmu. Ni damuwata a yau ita ce, idan an tsince mai kyau an kai kasuwa, ragowar mai baƙi da ɗaci ita ake bar wa gida, a yi ƙuli-ƙuli da ita, a yi kunu, yara su ci, alhali wannan dafi yana lahanta hanta, wuta kuma ba ta kashe shi. Maganinsa bai wuce cire gyaɗa a kan lokaci, da shanya ta a kan tabarma ko tamfol maimakon tsurar ƙasa, da zubar da wadda ta canza launi ba. Wannan ilmi ya haura shekara hamsin a rubuce, amma bai shiga madafin gidajen karkara ba.

A da akwai hanyar da irin wannan bayani ke bi. A 1963 aka kafa sashen da ke ɗaukar sakamakon bincike ya mayar da shi harshen da malamin gona da manomi za su gane, wanda ya girma ya zama hukumar NAERLS da ke Samaru. Ana buga ƙananan takardu da Hausa, ana shirye-shiryen manoma a rediyon Kaduna, malamin gona yana da keke ko babur da gonar gwaji a bakin hanya inda kowa zai wuce ya kwatanta da idonsa. Da aka buɗe ayyukan raya noma na Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970 tare da Bankin Duniya, wannan tsari ne ya yaɗa masara a yankin Funtuwa, har ta tashi daga abin gasawa na bayan gida ta zama babban amfanin gona. Ba na cewa komai ya tafi daidai a wancan zamani, domin an fi kula da manyan manoma, an kuma jingina komai a kan takin gwamnati mai rahusa. Duk da haka akwai mutum mai suna da fuska wanda manomi zai tare a kasuwa ya ce masa, Malam, dawata ta yi ja, me ke damunta?

Da kuɗin bankin ya ƙare, jihohi da yawa ba su ɗauki sababbin malaman gona ba, tsofaffin suka yi ta ajiye aiki, gurbinsu ya zauna babu kowa. Wanda ya gaji wannan matsayi a yau shi ne mai sayar da magani a kasuwar ƙauye, wanda ko yana da kyakkyawar niyya ba a horar da shi ba, kuma abincinsa yana cikin yawan abin da ya sayar. Sakamakon haka muna gani a wake. Mutane suna zuba wa waken ajiya maganin ƙwari mai haɗari wanda ba a yi shi don abinci ba, har Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015 saboda yawan maganin da aka samu a cikinsa, mu kuwa muna ci da iyalanmu. Alhali akwai buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda aka faro bincikensa a Marwa ta ƙasar Kamaru tare da Jami'ar Purdue ta Amurka, ana kuma samunsa a kasuwanninmu. Idan wake ya bushe sosai aka zuba, aka matse iska aka ɗaure kowace leda daban, ƙwarin sukan mutu don rashin iska ba tare da ɗigon magani ba. Jarka ko durom mai murfi da ke rufuwa ruf suna yin wannan aiki, muddin an cika su kuma ba a riƙa buɗewa ba.

Haka batun ƙuduji yake, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Tushe ɗaya yana zubar da dubban ƙwayoyin iri da ke iya zama a ƙasa shekaru da yawa suna jiran dawa ko masara, don haka wanda ya bar shi ya yi fure ya bushe a gona ya shuka wa kansa wahalar shekaru masu zuwa. A tuge shi kafin ya zubar da iri, a fitar da shi daga gona a ƙone, a kuma juya gonar da waken suya ko gyaɗa ko auduga, domin saiwarsu tana sa irin ƙuduji ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu. 'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar sun nuna mana abin da shawara marar tsada ke iya yi idan ta samu masu yaɗa ta. Daga 1983 a yankin Maraɗi aka fara jan hankalin manoma su daina sare kowane toho lokacin sassabe, su zaɓi masu ƙarfi daga kututturen da ke gona su gyara su su girma, kuma a yau gawo da sauran itatuwa sun dawo a gonaki masu faɗin gaske, suna tare iska, suna ba da itacen girki da abincin dabbobi. A Nijar ɗin ne kuma masu bincike na tashar Sadore suka gwada zuba taki cikin murfin kwalbar lemo ɗaya a kowane ramin gero, abin da ya dace da aljihun wanda ba zai iya sayen buhu ba. Manoman Daura da Gumel da Illela ƙasarsu da ruwansu ɗaya ne da na Maraɗi da Damagaram, babu dalilin da zai sa wannan ilmi ya tsaya a kan iyaka.

Wani gyara da nake ganin ya zama dole shi ne a tuna cewa gida ake yi wa shawara, ba maigida kaɗai ba. Matan karkara su ke ɓarzar gyaɗa da matsar mai, su ke ajiyar iri a wasu gidaje, kuma awaki da tumaki da kaji galibi nasu ne. Annobar kaji da ke share gari lokacin hunturu tana da allurar rigakafi da ake yi a Vom, haka ma annobar awaki da tumaki, amma mace da ke cikin kulle ba za ta ji wannan daga bakin namiji baƙo ba. An gane haka tun ƙarshen shekarun 1980 lokacin da aka buɗe sashen mata a hukumomin raya noma na jihohi, kuma ya kamata a farfaɗo da shi da malamai mata masu jin Hausa da Fulatanci. Buƙatar ta ƙaru yanzu da rashin tsaro ya hana mutane da yawa a Zamfara da Katsina da Birnin Gwari zuwa gonakinsu na nesa, ya zama ɗan filin da ke kusa da gari da dabbobin cikin gida su ne abin dogaro.

Saboda haka, ya Edita, ina da roƙo gare ka da kuma hukumomi. Ina roƙon gwamnatocin jihohi su ɗauki matasan da suka gama kwalejojin aikin gona, su ba su abin hawa, su tura su gundumomi, su kuma dawo da gonar gwaji a kowace mazaɓa, a kan gonar manomi na gari ba a harabar ofis ba. Ina roƙon malamanmu na Samaru da Shika da Vom su riƙa fitar da sakamakon aikinsu da Hausa mai sauƙi, da boko da ajami, da ma'aunin da mutane suka sani, wato mudu da tiya da murfin kwalba da taƙi, suna kuma bambanta shawarar da ta dace da Zariya da wadda ta dace da Katsina ko Nguru, tunda ruwansu ba ɗaya ba ne. Ita kuma wannan jarida ina roƙon ta ware shafi guda kowane mako wanda zai riƙa bin kalandar manomi: a watan Afrilu a yi bayanin yadda ake gwada iri ta hanyar jiƙa ƙwaya 100 a tsumma a ƙirga waɗanda suka tsiro, da gargaɗin cewa irin da aka cakuɗa da magani ba a cin sa, ba a kuma ba wa dabba, a Yuni da Yuli a yi maganar tazara da sa taki, a Satumba da Oktoba a yi ta girbi da shanya da ajiya. A bar wani ɓangare na shafin ga tambayoyin manoma da kansu, a kai wa masana su amsa, a kuma ba gidajen rediyo izinin karanta shi, domin a kowane ƙauye akwai malamin makaranta ko ɗalibi da zai karanta wa jama'a a dandali ko a ƙofar masallaci bayan sallar La'asar. Idan aka buɗe shafin, ni da wasu tsofaffin abokan aikina a shirye muke mu riƙa tattaro tambayoyin daga ƙauyukan da ke kusa da mu muna aiko muku.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani tsohon malamin gona,
Funtuwa, Jihar Katsina.